Gargaɗi ga Ma'auratan Shagari da Boɗinga Kan Magungunan Neman Haihuwa

Jama'ar Shagari da Kajiji da Dandin Mahe, da na Boɗinga da Sifawa da Dingyaɗi, a saurara. Kada mace ta sha ƙwayar neman haihuwa, kada kuma ta yarda a yi mata allurar homon, sai likita ya gwada ta, ya gwada mijinta, shi ne kuma ya rubuta maganin da hannunsa. Wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba.

Mun san abin da ke tura mata kemis. Shekara biyu shiru, uwar miji ta fara habaici, dangi sun fara kawo zancen ƙarin aure, sai wata ƙawa ta ce ita Clomid ta sha ta samu ciki. Clomid magani ne na gaskiya, amma aikinsa ɗaya ne: zaburar da jikin macen da ba ta sakin ƙwai ya saki. Kwana 5 ake shan sa a kwanakin farko na zagayowar al'ada, likitoci kuma ba sa barin a wuce wata 6 ana maimaitawa. Idan bututun mahaifa ne ya toshe, ko maniyyin maigida ne ba shi da ƙwari, ko kwali goma aka shanye ba abin da zai canza. Ga ma'auratan da aka gwada ba a ga komai ba kuwa, hukumar lafiya ta NICE da ke Ingila tun 2013 ta ce a daina ba su irin wannan ƙwaya, domin shan ta ita kaɗai bai ƙara musu samun ciki ba.

Allurar ta fi ƙwayar haɗari nesa ba kusa ba. Tana iya sa ma'ajiyar ƙwai ta kumbura, ruwa ya taru a ciki da ƙirji, jini ya daskare a jijiya, ƙoda ta kasa aiki. Tana kuma kawo cikin 'yan uku ko 'yan huɗu. Wasu za su ce ai alheri ne, tagwaye abin so ne a ƙasar Hausa. Sai dai irin wannan ciki shi ke zuwa da hawan jini da jijjiga da zubar jini da haihuwar bakwaini, ga macen da ke ƙauye, da dare, ba mota. Shi ya sa a asibiti ake bin mai allurar da hoton ciki a kai a kai, a ƙirga ƙwayayen da suka nuna, a tsayar idan sun yi yawa. Mai kemis ba shi da wannan na'ura.

Maza, da ku ma ake. Kusan rabin matsalar rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki, gwajin maniyyi kuma ya fi na mace sauƙi da araha. Ku guji allurar testosteron da ake tallatawa da sunan ƙarfin maza: rage ƙwayoyin maniyyi take yi, wani lokaci har su ƙare ƙaf.

A kula da 'yan damfara. A 2024 BBC ta bankaɗo wasu a jihar Anambara da ke yi wa mata allura ciki ya kumbura, su ce ciki ne da hoton asibiti ba ya gani, daga baya su miƙa musu jariran da aka sayo. Duk wanda ya hana ki zuwa a yi miki hoto a wani asibiti, ki rabu da shi.

Idan an yi shekara 1 ana tare ba ciki, ko wata 6 ga wadda ta haura shekara 35, miji da mata su je babban asibiti tare, su nemi takardar turawa zuwa sashen mata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Wadda kuma ta riga ta fara sha ko karɓar allura, idan ta ga cikinta na kumbura da sauri, ko ciwon mara mai tsanani, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko fitsari ya ragu, ko numfashi na sarƙewa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko idonta na gani dishi-dishi, ta dakatar da maganin, a kai ta asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. A tafi da kwalin maganin a nuna wa likita.