Uba da 'Ya'yansa a Dajin Yankari

Yaron da ya tashi a Legas, ko Inugu, ko ma cikin birnin Kano, ya san sunan giwa da zaki da kura tun kafin ya shiga makaranta. Ya ji su a tatsuniya, ya gan su a littafi da talabijin. Amma in ka tambaye shi ko ya taɓa ganin sawun giwa a ƙasa, ko ya taɓa jin ƙarar reshe sa'ad da ta karya shi, sai ya yi shiru. Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Saboda haka ne wasu magidanta suke tara 'yan kuɗi wata da watanni domin su kai iyalinsu daji lokacin hutun makaranta. A Nijeriya kuwa, wurin da ya fi yin suna wajen irin wannan ziyara shi ne Yankari.

Yankari tana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, kuma faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Jihar Arewa ta dā ce ta keɓe dajin a shekarar 1956 domin kare namun daji, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, daga baya a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi. Mai zuwa daga kudu yakan bi ta Jos ya iso Bauchi. Daga nan sai ya ɗauki hanyar Gombe har garin Dindima, ya karya kwana ya nufi Mainamaji, inda ƙofar shiga take. Daga ƙofar zuwa masaukin baƙi na Wikki akwai sauran tafiya ta kimanin kilomita 40 a cikin dajin kansa.

Tambayar farko da uba zai yi wa kansa ita ce: yaushe za mu je? Amsar tana wajen ruwa. Da damina ciyawa takan yi tsawo, ganye ya rufe ko'ina, kuma kowane kwari yana da tafkinsa. Dabbobi ba su da dalilin taruwa wuri guda, sai su bazu cikin daji. Mutum yana iya yini yana yawo bai ga komai ba sai zabi da birai. Da rani kuwa tafkuna sukan ƙafe, ganye ya kaɗe, ƙishirwa ta koro dabbobi zuwa bakin kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar dajin kuma ba ya ƙafewa. Don haka daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ne aka fi ganin su. Hutun Kirsimeti yana faɗowa cikin hunturu, lokacin da ake sanyi da safe, ga hazo. Hutun Ista kuma yana zuwa da bazara, lokacin da zafi ya yi tsanani amma dabbobi sun fi matsowa ruwa. Mai ƙananan yara, a ganina, gara ya zaɓi hunturu. Yaro ɗan shekara biyar da zafi ya galabaitar ba ya kallon giwa ko da ta tsaya a gabansa.

Kafin ranar tafiya akwai aikin da ya hau kan maigida. Zai kai mota wajen bakanike a duba birki da tayoyi da baƙin mai, a tabbatar safaya tana da iska. Zai tambayi waɗanda suka bi hanyar kwanan nan yadda take, ya kuma tsara tafiyar yadda rana ba za ta faɗi suna kan titi ba. Uwargida takan haɗa guzuri wanda ba ya saurin lalacewa, kamar kilishi da dambun nama da ƙuli-ƙuli da dabino, tare da ruwan sha mai yawa. Kada a manta da gidan sauro da maganin ciwon kai da na gudawa. Akwai kuma maganar tufafi. A bakin kogi akwai wani ƙuda mai cizo da ake kira tsando, kuma an san yana bin baƙin kaya da shuɗi mai duhu. Riga mai dogon hannu, ruwan ƙasa ko mai haske, ta fi dacewa.

Uba mai dabara ba ya ɗaukar duk wannan aiki shi kaɗai. Yakan raba wa yara. Babba ya riƙe lissafin kuɗin mai da na abinci, mai bi masa ta rubuta sunayen garuruwan da aka wuce, ƙaramin kuma a ba shi kula da gorar ruwa. Yaron da aka ba amana a hanya ba ya yawan tambayar "Baba, mun kusa?" In akwai lokaci, a tsaya a Bauchi a ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda aka kashe a Janairun 1966. Sunan da suka haddace don jarrabawa sai ya zama wurin da suka taka da ƙafarsu.

Waɗanda za su fara tarbar baƙo a Wikki su ne gwaggon biri da gyado, wato mugun dawa. Suna yawo tsakanin ɗakuna kamar awakin gida. Yara sukan yi murna da ganinsu, amma a nan ne uba zai kafa dokarsa ta farko: ba a ba biri abinci, ba a riƙe leda a hannu a gabansa, ba a barin ƙofar ɗaki ko gilashin mota a buɗe. Gwaggon biri ya saba da mutane har ya daina jin tsoronsu. Ya san cewa leda tana nufin abinci, yana fizge ta ya haye bishiya, kuma haƙoransa na gaba dogaye ne masu kaifi. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Baƙin da suka riƙa jefa masa biskit shekara da shekaru su ne suka koya masa wannan hali.

Ana fita kallon dabbobi da sassafe ko da la'asar, domin da tsakar rana sukan fake a inuwa. Ba a shiga daji sai da ɗan jagora daga ma'aikatan wurin, kuma ba a sauka daga mota sai ya ce a sauka. Ya kamata uba ya faɗa wa yara gaskiya tun kafin a tashi: daji ba gidan zu ba ne. Babu wanda ya ɗaure giwa yana jiran baƙi. Ana iya ganin garke guda cikin minti goma, ana kuma iya dawowa ba a ga ko ɗaya ba. Zaki kuwa, ko da yake akwai 'yan kaɗan da suka rage a Yankari, da wuya baƙo ya sa shi a ido.

To, me ake gani? Akwai ɓauna, da gwanki, da kanki, da gwambaza, da mazo. A cikin ruwa akwai dorina da kada. Tsuntsaye kuma sun haura iri 350. Ɗaya daga cikinsu shi ne burtu, baƙin tsuntsu babba mai jan wuya, wanda ya fi son tafiya a ƙasa. Maharban ƙasar Hausa sukan ɗaura siffar kansa a goshi, su sunkuya suna tafiya kamar shi, har su matso kusa da dabba ba ta farga ba. Daga nan ne aka samo maganar "yi wa mutum shigar burtu", wato a zo masa da siffar da ba ta gaskiya ba. Ɗalibin Hausa da ya ga burtu da idonsa ba zai sake manta ma'anar wannan magana ba.

Giwa dai ita ce abin da kowa ya zo nema, kuma ta cancanci a daɗe ana kallonta. Garken giwaye mata ne da 'ya'yansu, tsohuwar cikinsu ce take jagora, domin ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari. Toron giwa, wato namijin, yakan bar garke idan ya girma. Giwa tana ɗaukar ciki kusan wata 22, kuma ɗa guda takan haifa, shi ya sa idan aka kashe giwaye adadinsu ba ya saurin dawowa. Dogon hancinta Hausawa suna kiransa hannu, da shi take shaƙar ƙamshi, take ɗiban ruwa, take karya reshe. Haƙoranta biyu da suka fito waje su ne haure, kuma saboda su ne mafarauta suka yi ta kashe ta. Idan giwa mai ɗa ta baza kunnuwa ta fuskanci mota, gargaɗi take yi. A wannan lokaci yara suna kallon fuskar ubansu fiye da yadda suke kallon giwar. In ya natsu ya bi umarnin ɗan jagora, su ma za su natsu. In ya miƙe tsaye yana neman hoto, sun koyi cewa doka abin wasa ce.

Bayan ƙurar daji sai wanka. Maɓulɓular Wikki tana fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, ruwanta garai-garai har ana ganin yashin ƙasa, kuma ɗuminsa yana nan a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Yawancin yara, in aka tambaye su bayan shekaru, Wikki suke fara tunawa. Sai dai akwai wuraren da zurfin ruwan ya fi tsayin yaro. Yaron da ruwa yake ci ba kasafai yake iya ihu ba, nutsewa yake yi shiru. Don haka uba ya ajiye waya, ya shiga ruwan, ya tsaya inda hannunsa zai kai ga wanda bai iya iyo ba.

Ga manyan yara akwai kogunan dutse da ake kira Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka fafe a jikin dutse. Ana kyautata zaton a nan suke ɓuya lokacin hare-haren neman bayi. A masaukin Wikki kuma akwai ɗan gidan tarihi inda aka ajiye fatu da ƙasusuwa da haure, da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga masu farauta ba bisa doka ba.

A nan ne yaro mai tunani yakan yi tambayar da ta fi wuya: "Baba, me ya sa suke kashe su?" Amsar ba gajera ba ce. Giwayen Yankari, bisa ƙiyasi, tsakanin 100 ne zuwa 150, kuma suna cikin garkuna mafi girma da suka rage a Nijeriya. Dajin ba shi da katanga, ƙauyuka sun kewaye shi. Idan amfanin gona ya nuna, giwaye sukan fita su cinye dawa ko masarar da manomi ya yi wa wahala damina guda, cikin dare ɗaya. Makiyaya kuma suna kora shanu ciki neman ciyawa da rani. Masu gadin daji suna sintiri da ƙafa na kwanaki, wasunsu har sun rasa rayukansu a hannun mafarauta. An sa wa wasu giwaye na'ura a wuya wadda take nuna inda garke yake, domin a sanar da manoma kafin ya iso gonakinsu. Uba zai yi wa ɗansa bayanin manomin da na giwar duka biyu, sa'an nan ya nuna masa rasit ɗin da aka ba su a ƙofar Mainamaji, ya gaya masa abin da aka karɓi kuɗin dominsa.