Daga Masaƙa Zuwa Dandali: Makomar Kangayen Masana'antu na Kudancin Kaduna

Gabatarwa

Duk wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, ya wuce tashar jirgin ƙasa ya shiga Kakuri, zai tarar da dogayen katangu da manyan rumfunan kwano a jere, wasu ƙofofinsu a garƙame, ciyawa ta cinye harabarsu. Waɗannan su ne masaƙun da suka ciyar da dubban gidaje har na tsawon shekara arba'in da ɗoriya. Bahaushe yana kiran gidan da mutanensa suka tashi suka bar shi kango, kuma ya san cewa kango ba ya daɗewa a tsaye, domin damina da gara da ɓarayin ƙarfe ba su jiran kowa.

Makasudin wannan lacca shi ne a duba wata dabara da wasu ƙasashe suka bi da irin waɗannan gine-gine, watau mayar da tsohuwar masana'anta gidan nuna fasaha da wasanni. Abin da ake nufi da fasaha a nan ya haɗa da zane da sassaƙa da ɗaukar hoto da wasan kwaikwayo da kiɗa da waƙa da rawa da fim. Za a fara da tarihin masaƙun, sa'an nan a kawo misalai daga wasu wurare, a bayyana abin da ya sa ginin masana'anta ya dace da wannan aiki, daga ƙarshe a jera sharuɗɗan da in ba a cika su ba, dabarar ba za ta haifar da ɗa mai ido ba.

Yadda Kakuri ta zama unguwar masana'antu

Jirgin ƙasa ne ya haifi Kaduna. Hanyar dogo ta isa Kano a 1911, aka mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, kuma a 1927 hanyar da ta taso daga Fatakwal ta zo ta haɗu da ta Ikko a kudancin kogin. Wannan mahaɗa, da ruwan kogi wanda rini da wankin yadi ba su yiwuwa sai da shi, da audugar ƙasashen Funtuwa da Gusau da Zariya, su suka sa aka zaɓi wannan wuri.

A 1957, zamanin da Sardaunan Sakkwato Alhaji Ahmadu Bello yake Firimiyan Jihar Arewa, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited, wadda aka fi sani da KTL, bisa haɗin gwiwa da kamfanin David Whitehead na ƙasar Ingila. Akoko ne babban abin da ta fara saƙawa. Nortex ta biyo baya a 1962, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1960 aka sami United Nigerian Textiles, watau UNTL, ta wasu attajiran Hongkong, da Arewa Textiles wadda aka kafa tare da Japanawa. Ma'aikatar ƙera makamai ta soja ta zo a 1964, kamfanin Peugeot kuma ya soma haɗa motoci a Kakuri a 1975. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, a Kaduna ta ajiye hedikwatarta, kuma daga masaƙar Arewa ne Adams Oshiomhole ya taso har ya zama babban sakatarenta a 1982.

Unguwanni irin su Makera da Nasarawa da Tirkaniya sun cika da Hausawa da Gbagyi da Bajju da Atyap da Tibi da Idoma da Yarabawa da Ibo, kowa yana jiran jiniyar canjin aiki. Mai tuwo da mai gyaran keke da mai gidan haya duk da albashin masaƙa suka dogara.

Faɗuwar ba a rana ɗaya ta zo ba. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna da sinadaran rini da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta yi ƙaranci, baƙin man da ake hura tukwanen tururi da shi ya yi wuyar samu, noman auduga ya ja baya. Daɗin daɗawa, atamfa mai araha daga ƙasar Sin ta riƙa kwararowa ta kan iyakokin Nijar da Binin. KTL ta rufe a 2002, wasu suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, UNTL ma ta tsaya a 2007, ko da yake an sake buɗe wani sashe nata a 2010.

Abin da aka yi a wasu wurare

Misalin da ya fi kama da na Kakuri shi ne na masaƙar Salts Mill da ke kusa da birnin Bradford a Ingila. Wani attajiri mai suna Titus Salt ya gina ta a 1853, ta yi aiki har 1986. A shekarar da ta biyo baya wani ɗan kasuwa, Jonathan Silver, ya saye ta, ya keɓe wani sashe domin nuna zane-zanen David Hockney, wanda ɗan Bradford ne, ya ba da hayar sauran ga shaguna da ofisoshi. Kuɗin hayar ne yake ɗauke da ginin. A 2001 hukumar UNESCO ta sa masaƙar da ƙauyen ma'aikatanta cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

A Landan kuwa, tashar lantarki ta Bankside ta daina aiki a 1981, aka sake buɗe ta a 2000 da sunan Tate Modern. Zauren da dā injunan ba da wuta suke ciki yana da tsawon mita 155 da tsayin mita 35, kuma an bar shi fayau domin manyan ayyukan da ba su shiga ɗaki. Fiye da mutum miliyan biyar suka ziyarci wurin a shekararsa ta farko. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, rumbun hatsi na bakin teku wanda aka gama gininsa a 1924 ya zama gidan nuna fasahar Afirka ta zamani a 2017.

Wani zai ce waɗannan ƙasashe ne masu hannu da shuni. To, ga misali daga maƙwabta. A Tamale ta arewacin Gana, garin da Hausawa suka daɗe da kafa zango, akwai wani rumbun kankare da aka soma ginawa zamanin Kwame Nkrumah, aka yi watsi da shi bayan juyin mulkin 1966, ya zama gidan jemagu. Ibrahim Mahama, mai fasaha ɗan garin wanda aka haifa a 1987, ya yi suna a duniya ta hanyar ɗinke tsofaffin buhunan koko da gawayi yana lulluɓe manyan gine-gine da su. Da kuɗin da ya samu daga sayar da ayyukansa ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019, ya ƙara da wata mai suna Red Clay a 2020, inda ya ajiye tsofaffin jiragen sama suka zama azuzuwan yara, sa'an nan a 2021 ya buɗe wancan rumbu da sunan Nkrumah Volini. Bai kori jemagun ba, bai kuma ɓoye tsufan ginin da fenti ba. A nan Nijeriya ma, bikin nuna fasaha na Ikko na farko, wanda aka yi a 2017, a cikin tsohuwar rumfar gyaran kawunan jirgin ƙasa ta Ebute Metta aka shirya shi.

Me ya sa ginin masana'anta ya dace

Dalili na farko shi ne faɗi. Masaƙa tana bukatar dogon zaure mai ƙarancin ginshiƙai domin a jera injuna, kuma irin wannan zaure ne mai wasan kwaikwayo yake nema, domin yana iya kafa dandali a tsakiya 'yan kallo su kewaye shi, kamar yadda ake yi a wasan gauta ko dambe ko kalankuwa. Ɗakin taro na otal, inda kujeru suke fuskantar gaba ɗaya, tsari ne da bai san da'irar ƙofar fada ba.

Na biyu shi ne ƙarfi. Daɓen da ya ɗauki nauyin injin saƙa yana girgiza dare da rana ba zai gaza da taron mutane ba, ƙofar da babbar mota ta saba shiga kuma za ta shigar da kowane irin kayan wasa. Na uku shi ne wuri, domin masana'anta kullum kusa take da hanya da unguwannin talakawa. Na huɗu shi ne tsimi, domin gyaran gini mai ƙwari yakan fi rushewa da sake tonon harsashi sauƙi. Na biyar, wanda ba a auna shi da kuɗi, shi ne tarihi. Yaron da aka haifa a Makera bayan 2002 bai taɓa jin ƙarar injin KTL ba, alhali kuwa da ita aka biya kuɗin makarantar ubansa.

Bukatar Kaduna

Sauya wa gini aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gidan Makama na Kano da tsohuwar Kwalejin Katsina yau gidajen tarihi ne. A Kaduna kanta, gidan Sardauna ya zama cibiyar binciken tarihi ta Arewa House a 1970, ginin jam'iyyar NPC kuma ya zama gidan tarihi na ƙasa a 1975. Amma dukansu biyu a arewacin kogi suke, kuma tarihin masu mulki suka fi adanawa. Tarihin lebura a kudu yake.

Garin ba ya rasa masu fasaha. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda aka kafa a 1962, shi ya fito da irin su Usman Baba Pategi, watau Samanja, da Ƙasimu Yero. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana yaye masu zane da masu wasan kwaikwayo, har ta gina dandalinta da jar ƙasa bisa tsarin gidan Bahaushe a tsakiyar shekarun 1970. A Kaduna aka yi hawan daba na bikin FESTAC a 1977, a nan kuma aka soma bikin littattafai da fasaha na KABAFEST a 2017.

Akwai kuma wani dalili mai nauyi. Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, jama'a da yawa suka yi ƙaura, Musulmi suka fi taruwa a arewa, Kirista a kudu, kogin ya zama kamar iyaka. Masaƙun Kakuri suna cikin 'yan wuraren da kowane ɓangare yake iya cewa ubansa ya yi gumi a ciki. Wurin da ba na addini ko ƙabila ɗaya ba, abu ne mai wuyar samu a Kaduna ta yau.

Sharuɗɗa

Sharaɗi na farko shi ne haƙƙin ma'aikata. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna neman kuɗin sallamarsu daga jihohin Arewa goma sha tara da suka mallaki kamfanin, da yawa sun rasu suna jira. Ba zai kyautu a kaɗa kalangu a zauren da masu shi suke bin bashi ba. Duk shirin da za a yi, wajibi ne a zauna da su da magadansu tun daga farko.

Na biyu, kada a ruɗi kai. Gidan fasaha ba zai maye gurbin masaƙa wajen samar da aikin yi ba, domin waɗanda zai ɗauka kaɗan ne in an gwada da dubban da suka rasa abinci. Saboda haka bai kamata ya zama hujjar yin watsi da farfaɗo da saƙa ba. Rumfa ɗaya ko tsohon sito ɗaya ya isa a fara da shi.

Na uku shi ne lafiyar ginin. Dole injiniyoyi su duba ƙarafan rufi, su bincika ko akwai rufin asbestos, wanda ƙurarsa take lalata huhu, su auna ƙasa da magudanun ruwa saboda ragowar sinadaran rini. Babban zaure yana amsa kuwwa, rufin kwano kuma yana tara zafi a bazara, yana hana jin magana in ana ruwa. Tabarmi da labule masu kauri da rufin ciki suna rage wannan, haka kuma dole a buɗe ƙofofin tsira saboda gobara.

Na huɗu shi ne kuɗin gudanarwa. Buɗe wuri da biki abu ne mai sauƙi, biyan mai gadi da kuɗin wuta shekara goma shi ne aiki. Darasin Salts Mill a nan yake: a ba teloli da marina da masu ɗinkin hula da masu shirya fim hayar wani sashe, hayar ta riƙe sauran. Ana kuma bukatar takardar haya mai dogon wa'adi da kwamitin amintattu, domin kada sauyin gwamnati ya tafi da wurin.

Na biyar shi ne tambayar wa zai shiga. A Turai an sha ganin gidan fasaha ya jawo tsadar haya har talakawan unguwa suka tashi. In kuɗin shiga ya fi ƙarfin ɗan Kakuri, ko kuwa ba a jin Hausa da Gbagyi a dandalin, to an yi tuya an manta da albasa.

Kammalawa

An ga yadda dogo da kogi da auduga suka gina Kakuri, da yadda masaƙunta suka durƙushe, da abin da Bradford da Landan da Tamale suka yi da nasu kangayen. Otal ɗin Durbar da aka gina domin bikin 1977 ya daɗe a yashe, aka rushe shi a 2020, kuma wannan ya isa ishara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin da ba ya bukatar jiran kasafin kuɗi shi ne rubutawa: ma'aikatan tsara birane da na hukumar gidajen tarihi su yi rajistar gine-ginen, da masu su, da halin da suke ciki, ɗalibai kuma su ɗauki na'ura su zauna da tsofaffin masaƙa da matansu, su tattara katin aiki da hotuna da samfurin yadi. Waɗannan mutane suna nan a Makera da Nasarawa, amma kowace shekara raguwa suke yi.