Alƙalamin katako: Me ya sa gam ke ɓata aikin masassaƙa a Yaounde?

Alƙalamin da aka fiƙe daga katako mai daraja, aka shafe shi da gam har ya riƙa ƙyalli kamar gilashi, kaya ne na fita kunya, irin wanda ake ba malami ko babban baƙo. Sai dai sau da yawa ƙyallin ba ya daɗewa. Bayan 'yan kwanaki sai ya yi fari-fari kamar an busa masa toka, ko ya tsage, ko ya fara ɓarewa daga baki.

Ga mai sana'a a unguwa irin Briqueterie, inda Hausawa da sauran Musulmi suka fi yawa a Yaounde, kuma kowa ya san kowa, asarar ba ta katako da ƙarfen alƙalami kaɗai ba ce. Kayan da aka dawo da shi yana tafiya da sunan mai shi. Wannan matsala ta shafi masu yin carbi da kan sanda da ƙotar wuƙa ma, domin gam ɗin ɗaya ne.

Da yawa sukan ɗora laifin a kan jabun gam. Akwai jabu a kasuwa, amma mafi yawan ɓarnar daga danshi take, sai kuma gaggawa.

Wane irin gam ne wannan?

Shi ne wanda ake sayarwa a 'yan ƙananan bututu da sunan Super Glue, wanda masu gyaran takalma da na waya suka sani sarai. Sunan sinadarinsa sayanokirilet. Wani masanin kimiyya Ba'amurke, Harry Coover, ya ci karo da shi a 1942 lokacin da ake neman roba mai haske don saitin bindiga, aka ajiye shi saboda yana manne wa komai. An sake gano amfaninsa a kamfanin Eastman Kodak a 1951, aka fara sayar da shi a 1958.

Abin da ya kamata mai sana'a ya riƙe shi ne, wannan gam ba ya bushewa yadda fenti ke bushewa. Fenti iska ce ke ɗauke ruwansa. Shi kuwa danshi ne ke daskarar da shi: da zarar ya taɓa 'yar laimar da ke cikin iska ko a jikin katako, sai ya rikiɗe ya zama roba mai tauri. Kamfanonin da ke yin sa sun fi son danshin iska ya kasance tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari.

Me ya sa yake yin fari?

A Yaounde damina biyu ake yi a shekara, ƙarama daga Maris zuwa Yuni, babba daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma a lokutan nan danshin iska yakan haura kashi 80 cikin ɗari. A irin wannan yanayi saman gam ɗin yana daskarewa da sauri tun cikinsa bai kama ba. Tururin da ke tashi daga gare shi kuma yana haɗuwa da laimar iska ya koma ya zauna a jikin alƙalamin kamar farar ƙura.

Shi ya sa wanda ya koyi aikin a Garoua ko Maroua ko Kano yakan sha mamaki idan ya sauko kudu. Can a lokacin hunturu iska ta bushe ƙayau, gam yana jinkirin kamawa, har mutum ya saba da zuba shi da yawa ko fesa masa maganin saurin bushewa. Idan ya yi haka a Yaounde cikin Oktoba, fari zai samu.

Maganin shi ne shafi siriri, sau da yawa. A rage gudun injin juya katako, a ɗiga ɗigo biyu ko uku a kan naɗaɗɗiyar takardar goge hannu, a wuce da ita sau ɗaya daga wannan baki zuwa wancan, a jira ya kama kafin a ƙara. Masu sana'ar da yawa suna yin shafi biyar zuwa goma. A guji aiki da sassafe ko bayan an ɗauke ruwan sama, kuma kada a hura wa gam iska da baki, domin numfashi cike yake da danshi. Idan za a yi amfani da feshin saurin bushewa, a fesa kaɗan daga nesa.

Katakon ma yana da nasa hali

Kamaru na da itatuwan da masu yin alƙalami a duniya ke nema: baƙin katakon da ake kira ébène, ɗan uwan kanya, da padouk mai ja, ɗan uwan madobiya, da bubinga da wenge da iroko. Ba su da arha. Bubinga ya shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a cinikinsu daga 2017, padouk kuma daga 2023. A Yaounde ɗin nan ne masana'antar Crelicam, wadda kamfanonin Taylor Guitars da Madinter suka saya a 2011, ke yanka baƙin katako don kayan kiɗa. Ɓata guntu ɗaya na irin waɗannan ba ƙaramar asara ba ce.

Wasu daga cikinsu suna da maiƙo a jikinsu, kuma gam ba ya kama maiƙo da kyau. Daga baya sai ka ga shafin ya ɗago kamar ɓawon ƙwai. Kafin shafin farko, a goge katakon da aseton, a bar shi ya bushe sarai. Ruwan goge jan farce ba ya maye gurbinsa, domin galibi ana haɗa shi da mai da turare. Haka kuma kada a shafa man kaɗanya ko kakin zuma kafin gam, kuma a daina taɓa katakon da hannu mai gumi.

Sai batun ɗanyen katako. Guntun da ya bushe a waje yana iya riƙe da ruwa a ciki, kuma wannan ruwan zai fito ya yi hazo a ƙarƙashin gam. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce a riƙa auna guntun a ƙaramin sikeli duk bayan 'yan kwanaki. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya bushe daidai da iskar wurin.

Me ke kawo tsagewa?

A cikin alƙalamin akwai bututun tagulla, katakon kuma siririn rufi ne a kansa. Katako yana tsukewa idan ya shiga busasshiyar iska, tagulla kuwa ba ruwanta da bushewar iska. Alƙalamin da aka gama a Briqueterie cikin damina, aka kai shi tsaraba Arewa cikin hunturu, katakonsa zai matse bututun har ya tsage, gam ɗin ya tsage tare da shi. Baƙin katako ya fi kowanne wannan hali, kuma ba ya son zafi: idan aka huda shi da sauri ko aka matsa masa sanfefa har ya ɗauki zafi, tsagar na iya fitowa bayan kwanaki.

Wata tsagar daga baki take farawa. Gam yakan manne katakon da zobban ƙarfen da ke riƙe shi a kan inji, idan aka ɓalle su da ƙarfi sai shafin ya ɓantare. A shafa wa zobban kaki, ko a sa na roba mai santsi, a kuma zagaya mahaɗar da wuƙa mai kaifi kafin a cire. Bayan nan a ɗan shafa gam a bakin katakon a toshe shi, musamman idan za a goge da ruwa, domin ta nan ruwa ke shiga ya yi fari.

Wajen gogewa ma ana ɓarna. Sanfefa mai kaushi tana cinye shafin ta kai ga katako, sai wurin ya zama tabo marar ƙyalli. A fara da lamba 400 ko 600 a hankali, a riƙa hawa zuwa masu laushi. Idan farin ya riga ya shiga ciki, babu dabara sai a kankare shafin duka a sake. Gam ɗin da ya fara kauri ko yin zare kuwa ya tsufa. Kwalbar da aka buɗe ba ta daɗewa a danshin Yaounde, don haka ƙanana sun fi babba riba.

Lafiyar mai aiki

Tururin gam ɗin yana sa ido hawaye, yana ƙona hanci, kuma yana iya tayar da asma ga wanda ya daɗe yana shaƙa. Shagunan Briqueterie da yawa ƙanana ne, a matse da juna, saboda haka a yi aikin a bakin ƙofa ko a sa fanka ta kore tururin waje, a kuma sa tabarau.

Idan gam ya jiƙa auduga yana yin zafi har da hayaƙi, ya ƙona fata. Kada a goge shi da tsumman atamfa ko shadda, kuma kada a naɗe yatsa da ƙyalle kusa da inji mai juyawa. Takardar da aka shafa da ita ma a jefa ta kan siminti, ba cikin ɓuntun katako ba. Aseton yana kama wuta nan take, a nisanta shi daga murhu da garwashin masu tsire.

Idan yatsu suka manne, a jiƙa su da ruwan ɗumi da sabulu a murza a hankali. Idan ido ne, kada a buɗe shi da ƙarfi: a wanke da ruwan ɗumi a tafi asibiti.

Ba dole ba ne kowane aiki ya sha gam. Carbi da kan sanda, waɗanda hannu ke murza kullum, sukan yi kyau da mai da kaki kawai, kuma idan sun dushe ana sake shafa su cikin minti kaɗan. Wanda ya zaɓi ƙyallin gam kuwa, ya busar da katakonsa, ya duba sararin sama kafin ya buɗe kwalba, ya kuma ajiye alƙalamin na 'yan kwanaki ya ga halinsa kafin ya miƙa wa mai saye.