Hawan Jinin Ido da Shanyewar Ɓarin Jiki: Me Ya Haɗa Su?

A shekarar 2009 wasu masu bincike daga jami'ar koyon aikin likita ta Taipei, a ƙasar Taiwan, suka fitar da wani sakamako da ya sa likitocin ido da na ƙwaƙwalwa sake zama su duba. Sun tono bayanan inshorar lafiya ta ƙasarsu, suka ware mutum 4,032 masu hawan jinin ido, wato gilakoma, suka jera su da wasu mutum 20,160 marasa ita, suka bi sawunsu shekara biyar. A cikin masu ciwon idon, kusan 15 cikin 100 sun gamu da shanyewar ɓarin jiki. A ɗaya ɓangaren abin bai kai 10 cikin 100 ba. Ko da aka yi la'akari da shekaru da hawan jini da ciwon sukari, tazarar ba ta ɓace ba. A 2018 wani binciken na shekara goma a Koriya ta Kudu ya sake ganin wannan alaƙa, sai dai tazarar tasa ba ta kai ta Taiwan ba.

To me ya haɗa ciwon ido da ciwon da ke kayar da mutum ya kasa ɗaga hannu?

A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai, wanda ba hawaye ba ne, da ido ke samarwa yana kuma tsiyayar da shi ta wasu ƙananan kafofi. Idan kafofin suka fara toshewa ruwan ya taru, sai matsi ya ƙaru. Yawancin masu lafiya awon matsin idonsu yana tsakanin 10 da 21. Matsin idan ya daɗe yana cin jijiyar gani, wadda ke ɗaukar hoton duk abin da muka kalla zuwa ƙwaƙwalwa, kuma tana ɗauke da zarurruka sama da miliyan ɗaya. Duk zaren da ya mutu ya mutu ke nan. A irin da ya fi yawa a tsakanin baƙar fata babu ciwo, babu jan ido, babu kwantsa. Gefen gani ake fara rasawa, mutum yana karanta jarida lafiya lau amma yana karo da ƙyauren ɗaki, ko babur ya ɓullo masa ta gefe bai gan shi ba sai da ya ji ƙaho.

Jijiyar ganin nan kuwa reshe ce ta ƙwaƙwalwa, kuma abincinta jini ne. Babbar hanyar jinin da ke bi ta gefen wuya, wadda za ka ji tana harbawa idan ka ɗora yatsa ƙarƙashin muƙamuƙi, ita ce ke shayar da babban sashe na ƙwaƙwalwa, daga jikinta kuma reshen da ke kai wa ido jini ya fita. Kamar gidaje biyu ne da ke shan ruwa a bututu ɗaya: idan bututun ya yi tsatsa, gidan da aka fara jin ƙorafinsa ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Hawan jini da sukari da kitsen jini da taba sigari suna taurara hanyoyin jini su ƙuntata su, na ƙwaƙwalwa da na ido baki ɗaya.

Akwai abin da ya ƙara ƙarfafa wannan fahimta. Ana samun mutanen da awon matsin idonsu daidai yake, bai taɓa haura 21 ba, amma jijiyar ganinsu tana lalacewa irin lalacewar gilakoma. A wurin irin waɗannan likitoci sun fi zargin ƙarancin jinin da ke isa jijiyar. An lura da yawansu a cikin masu ciwon ɓarin kai, da masu minsharin da numfashinsu ke ɗaukewa cikin barci, da waɗanda jininsu ke sauka ƙasa sosai cikin dare. Ɗaukewar numfashi a barci da ma sanannen abu ne cikin masu jawo shanyewar jiki. Sannan akwai wata gilakoma mai tsanani da zafi, wadda ke biyo bayan ciwon sukarin da ya ɓata bayan ido, ko toshewar hanyar jinin wuyan da muka ambata.

A nan ya kamata a ja birki kaɗan, don jita-jitar lafiya ta fi wutar daji gudu a WhatsApp. Waɗannan bincike ba su nuna cewa gilakoma ce ke haddasa shanyewar jiki ba. Abin da suka nuna shi ne ana yawan samun su a jikin mutum ɗaya. Ko a Taiwan ɗin, 85 cikin 100 na masu ciwon idon sun cinye shekara biyar ɗin ba su gamu da shanyewar jiki ba. Ɗiga maganin ido ba rigakafin shanyewar jiki ba ne, haka ma ƙwayar hawan jini ba za ta maye gurbin maganin ɗigawa ba. A ganina amfanin wannan ilimi ɗaya ne, kuma babba ne: ranar da aka ce wa mutum yana da hawan jinin ido, ranar ce ya kamata a ɗaura masa abin awon jini a dantse, a soki yatsarsa a duba sukari.

Mu a nan abin ya fi shafarmu fiye da mutanen Taiwan. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, wanda ya duba idon mutum sama da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa bayan yanar ido babu abin da ke makantar da mutane kamar gilakoma. Likitar ido Fatima Kyari da abokan aikinta sun nuna daga alƙaluman cewa mutum ɗaya cikin 20 na wannan rukuni yana da ita, waɗanda suka san suna da ita ba su kai 6 cikin 100 ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Ta ɓangaren shanyewar jiki kuma, babban binciken da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, ya fito a 2018 da cewa kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar jiki a yankin ana iya danganta shi da hawan jini.

Duk da haka dubi yadda muke zuwa asibiti. Dattijo zai yi sammako ya kama layi a sashen ido, katinsa a aljihun gaba, kwalbar maganin ɗigawa a ƙulle cikin leda. Wani makon ya je wurin likitan hawan jini da wani katin daban. Wannan likitan bai san abin da na ido ya rubuta ba, shi kuma baba bai ga dalilin faɗa ba, tunda ai ido daban, jini daban. Alhali timolol, ɗaya daga cikin magungunan ɗigawa da aka fi bayarwa saboda sauƙin kuɗinsa, ɗan gidan su atenolol ne da ake sha don hawan jini. Yakan bi ta kafar hawaye ya gangara hanci ya shiga jini, ya rage bugun zuciya, ya tayar wa mai asma ciwonsa. Shi ya sa ake cewa bayan an ɗiga a rufe ido, a danne lungun idon da ke jikin karan hanci da yatsa kamar minti biyu. Haka nan mai gilakomar da ke shan ƙwayar hawan jini da daddare ya gaya wa likitocinsa biyun, su ne za su duba ko jinin yana sauka fiye da kima cikin barci. Kada ya sauya lokacin sha da kansa, balle ya daina.

Wanda mahaifinsa ko yayarsa ke da gilakoma, ko ya haura 40 yana fama da sukari ko hawan jini, ya je a auna matsin idonsa a leƙa jijiyar, ko da yana zura zare a allura ba tabarau. Gwada gilashi a bakin kasuwa ba awon ido ba ne.

Saura abu ɗaya da ake yawan ruɗewa a kansa. Gilakoma irin wadda ta fi yawa shekaru take ɗauka tana cin gani. Idan kuwa ido ɗaya ya yi duhu farat ɗaya, ya ɗauki 'yan mintoci sannan ya washe, ko mutum ya wayi gari ba ya ganin rabin abin da ke gabansa da idanun biyu, to galibi hanyar jini ce ta toshe ko take shirin toshewa. Sau da yawa wannan shi ne gargaɗin da ke zuwa kafin baki ya karkace, harshe ya yi nauyi, hannu ya saki. Ba a jiran ranar ganin likitan ido, ba a cewa bari a ga abin da gobe za ta yi don ya washe. Sashen gaggawa ake nufa a wannan sa'ar, domin allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta.