Masaukin Baƙo a Birnin Dabo

Mutumin Hunkuyi ko Kudan, idan lalura ta kai shi Zariya, galibi yakan biya bukatarsa ya komo gida kafin magariba, saboda haka zancen masauki bai cika tasowa ba. Amma idan Kano ya nufa, ko da kayan gona, ko don ziyarar malamai, ko don jinyar ɗan'uwa, to, wajibi ne tun kafin mota ta wuce Kwanar Ɗangora ya san unguwar da zai kwana, domin birnin ya yi faɗin da duk wanda ya sauka nesa da muradinsa zai ƙarar da yininsa da guzurinsa a cikin a-daidaita-sahu, balle ma tun da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a 2013.

Magabata ba su bar wannan al'amari ga sa'a ba. Fatake sukan sauka ne inda 'yan ƙasarsu suka riga su zama, har unguwanni suka ɗauki sunayen baƙinsu, kamar Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Dandalin Turawa, inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna. Kuma kowane falke yana da fatomansa, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa haja, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan husuma ta taso. Birnin Benis na ƙasar Italiya ya yi irin wannan nizami, har ma ya fi tsanantawa, gama tun ƙarni na 13 hukumarsa ta wajabta wa 'yan kasuwar Jamus sauka a gida ɗaya daura da gadar Riyalto. A yau kuwa mai ziyararsa yakan zaɓa ne tsakanin tsohon birnin, inda mota ba ta shiga kuma ɗaki ke da tsada, da Mestre da ke kan tudu, inda ake samun rangwame amma sai an hau jirgin ƙasa ko bas a ƙetara kullum. Ko a Kano ma ba kowane baƙo ne ya dace ba: Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, da ya iso a 1851 an sauke shi a wajen Dala, ya kuwa koka ƙwarai da duhun ɗakin da aka ba shi.

Wanda tarihi ko ilmi ya kawo shi, haƙiƙa babu abin da ya fiye masa cikin ganuwa, domin a nan ne Gidan Rumfa yake, wanda ke ɗauke da sunan Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ga Kasuwar Kurmi, ga Gidan Makama, ga marinar Ƙofar Mata, ga unguwannin malamai irin su Madabo da Sharifai, kuma mai ƙwarin ƙafa zai iya zagaya akasarinsu tsakanin hantsi da la'asar. Sai dai birni ba wurin otal ba ne, wurin zaure ne. Wanda ba shi da maigida, ko aboki, ko malamin da zai karɓe shi, da wuya ya sami makwanci, wanda kuma ya samu, to, ladubban gida sun hau kansa: ba ya dare a waje, ba ya kwance ana sallar asuba. A ganina wannan takura ce mai riba, musamman ranar Hawan Daushe, lokacin da dawaki da jama'a ke toshe hanyoyin fada, na waje yana fama da cunkoso alhali na ciki ya riga ya sami inuwa.

Ɗan kasuwa kuwa Fagge ce tasa, tsohon zangon ayari a bakin ganuwa, inda Kantin Kwari yake a kusa. Sabon Gari, wanda ya kafu bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, yana da masaukai masu yawa da araha, amma hayaniyar darensa ba kowane mai kamun kai za ta yi wa daɗi ba. A Nassarawa da Bompai, tsohon mazaunin Turawa, akwai natsuwa da manyan otal-otal, akwai kuma tsada.

Mai jinya a Asibitin Malam Aminu Kano bai kamata ya nisanci titin Zariya ba, tun da ta nan mutanen Makarfi da Ikara ke shigowa, kuma tashoshin Na'ibawa da Unguwa Uku suna kusa idan saƙo ya zo daga gida. Wanda kuma zai kawo masara ko waken suya Dawanau, ya tuna cewa kasuwar tana can kan hanyar Katsina, a ɗaya gefen birnin baki ɗaya, ya nemi dillalinsa ya sama masa makwanci a can tun motar kaya ba ta taso ba.