Dukiyar Kamfanin UFC da Rabon Masu Shiga Keji

Tun daga watan Agusta na 2025, lokacin da labari ya bazu cewa kamfanin Paramount zai biya dala biliyan 7.7 domin ya riƙa nuna wasannin UFC a Amurka har shekara bakwai, samari masu sha'awar wannan dambe na cikin keji, wanda ya haɗa naushi da shuri da kokawa, suke ta musu a kan arzikin da ya sauko wa 'yan wasa, har wasu suna rantsuwa cewa duk wanda ya taka kejin nan ya yi sallama da talauci. Wannan zato ba shi da madogara, domin ya cakuɗa dukiyar kamfani da ladan wanda ake duka.

Bunƙasar kamfanin UFC kam babu jayayya a kanta. A 2001 Lorenzo Fertitta da ɗan'uwansa Frank suka saye shi a kan dala miliyan 2, a 2016 aka sayar da shi kimanin dala biliyan 4, a 2023 kuma aka haɗe shi da kamfanin kokawa na WWE ƙarƙashin kamfanin TKO. Kuɗin da ya shigo masa a 2024 ya kai wajen dala biliyan 1.4, kuma mafi tsokarsa daga kafofin nuna wasa yake fitowa, waɗanda alkawari ya wajabta musu biya ko wasan daren ya yi armashi ko bai yi ba.

Mas'alar tana wajen rabo. Takardun da suka bayyana a shari'ar da Cung Le da wasu 'yan wasa suka shigar a kan UFC a 2014 sun nuna cewa abin da ke isa hannun 'yan wasa bai cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shiga ba, alhali kuwa 'yan ƙwallon kwando na NBA suna karɓar kusan rabi. Dattawan da suka ga zamanin hukumar cinikin gyaɗa za su fahimci dalili nan take, domin idan mai saye ɗaya ne tak a kasuwa, manomi, komai kyan amfanin gonarsa, farashin da aka yanka masa shi zai karɓa. UFC ta sayi manyan abokan hamayyarta, Pride a 2007 da Strikeforce a 2011, sa'an nan ta ɗaure 'yan wasanta da yarjejeniyar da ta haramta musu yin wasa a wani wuri. A shari'ance ba ma'aikatanta ba ne, 'yan kwangila ne, saboda haka sabon shiga, wanda galibi ake ba shi dala dubu 10 zuwa 12 a wasa guda, da kwatankwacinsu in ya yi nasara, daga ciki zai sallami mai horar da shi da wakilinsa, ya kuma biya haraji. Hatta tallan da suke liƙawa a wandunansu an hana su tun 2015.

Wannan ne ya sa Francis Ngannou, mutumin Kamaru, ya bar kamfanin a Janairun 2023 yana riƙe da kambun masu nauyi, ya je ya dambata da Tyson Fury a Riyadh. Amma shi zakara ne mai suna, wanda wasu ke zawarcinsa. Ɗan wasan da ba a san shi ba, ina zai nufa?

An kashe waccan shari'a ta su Cung Le da sulhu a kan dala miliyan 375, wanda alƙali ya tabbatar a 2025, adadin da bai kai sulusin kuɗin shigar shekara guda ba. Majalisar dokokin Amurka kuwa, wadda ta kafa doka mai sunan Muhammad Ali a 2000 domin kare 'yan damben zamani daga masu shirya wasa, an gabatar mata da ƙudurin shigar da 'yan keji cikin wannan kariya a 2016 da 2017, ta bar shi ya mutu ba ta zartar ba.