Gyambon ciki a Zariya: a gwada kowa, ko a gwada mai ciwo?

A Samaru da Sabon Gari, in mutum ya ce olsa ke damunsa, an san abin da zai biyo baya: a je kemis a sayo omeprazole ko Gestid, a hana shi yaji da tsami. Da wuya a ambaci ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin gyambon ciki, wato Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya a 1982. Tun 1994 aka sanya ta cikin abubuwan da ke jawo kansar ciki.

Wasu ƙasashe sun zaɓi a gwada kowa, da mai ciwo da mai lafiya. A tsibiran Matsu na Taiwan an fara haka a 2004, kansar ciki ta ragu da kusan rabi. A Niyu Zilan kuwa, masu goyon bayan wannan hanya sun kafa hujja da cewa cutar ta fi cin 'yan ƙabilar Maori fiye da Turawa, don haka gwajin gama-gari adalci ne.

Hujjar ta burge ni, amma Zariya ba Matsu ba ce. Binciken da likita Holcombe ya wallafa a 1992 ya sami alamar ƙwayar a jinin kashi 85 cikin ɗari na mutanen da ya gwada a arewacin Najeriya. Ke nan in aka bi kasuwar Sabon Gari rumfa-rumfa, Bahaushe da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo duk za a same su da ita. Za a ɗora dubban masu lafiya kan magani kala uku na mako biyu, alhali Flagyl, da ake sha kamar gyaɗa, tuni ya rage kaifi a kanta. Ga ruwan rijiya da cunkoson ɗaki da suka kawo ta tun ƙuruciya, suna nan.

Bambancin da ke nan na aljihu ne, ba na yare ba. Malamin jami'a na iya zuwa asibitin koyarwa na Shika a leƙa cikinsa da na'ura. Ɗan dako sai ya yi shekaru yana shan maganin kashe zafi, har ranar da zai yi aman jini.

Shi ya sa na fi karkata ga hanya ta biyu: a gwada duk wanda ciwon ya daɗe masa, da wanda aka taɓa yin kansar ciki a gidansu, a asibitin unguwa, kuma da araha. Gwajin ba-haya ya fi na jini, domin jini ba ya bambanta tsohuwar cuta da mai ci yanzu. Sai dai dole mutum ya ajiye omeprazole mako biyu kafin gwajin, sannan a sake gwada shi wata guda bayan ya gama magani.